Hanyar Santiyago da Hanyar Takari

Tambaya: Ni ɗan Talata Mafara ne, ina ɗan taɓa gudu bayan sallar asuba. Na ga bidiyon wani Bature yana gudu kwana da kwanaki a ƙasar Sifen, wai kan wata hanyar ibada. Gaskiya ne? Kakana na Bakura yakan ba mu labarin waɗanda suka je Makka a ƙasa, shin abin irin wannan ne? In mutum ya je can, wane gari ya kamata ya gani?

Amsa: Ba ƙarya aka nuna maka ba. Sunan hanyar Kamino, kuma tana ƙarewa ne a birnin Santiyago de Kwamfostela da ke arewa maso yammacin Sifen. Kiristoci sun yi imani cewa a can kabarin Yakubu yake, ɗaya daga cikin hawariyawan Annabi Isa (AS), kuma tun ƙarni na 9 suke zuwa ziyara. Hanyoyin suna da yawa. Wadda ta fi suna takan faro daga wani ƙaramin gari a Faransa, gindin duwatsun da suka raba ƙasashen biyu, kuma ta kai kusan kilomita 800. Ka ƙiyasta Sakkwato zuwa Gusau wajen sau huɗu. Mai tafiyar ƙasa yakan yi wata guda da 'yan kwanaki. Mai gudu da ke cin kilomita 55 kullum zai gama a mako biyu, in gwiwa ta yarda.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne irin gatan da aka yi wa hanyar. Duk inda ta rabu biyu, za ka ga kibiya mai launin rawaya a jikin bango ko dutse ko icce, wani wurin kuma da hoton ɓawon wani ƙwaron teku. Wani limamin coci mai suna Elías Valiña ne ya fara shafa kibiyoyin nan da fenti a shekarun 1980. Ƙauyuka ba su da nisa da juna, akwai famfon ruwa, akwai masaukai masu araha da gadaje hawa biyu, inda munsharin maƙwabci kan hana mutum runtsawa. Har jakarka ana iya kai maka masauki na gaba in ka biya. Shi ya sa Baturen naka yake gudu da 'yar gorar ruwa kawai.

Matafiyi yana riƙe da wani ɗan littafi da ake buga masa hatimi a masauki ko coci ko gidan shayi. Wanda ya nuna ya taka kilomita 100 na ƙarshe a ƙasa, ko 200 a keke, ana ba shi takardar shaida. A 2023 mutum fiye da 400,000 suka karɓe ta. Da yawansu motsa jiki da buɗe ido ne ya kai su.

To, batun kakanka. Allah ya ƙara masa lafiya, ka zauna da shi ka naɗi muryarsa a wayar nan taka, domin abin da yake ba ku labari ya fi na Sifen nauyi nesa ba kusa ba. Mutanenmu sukan bi ta Kano da Borno, su ratsa Cadi ta Abashe, su shiga Darfur, su wuce Fashir da Ubayyid, su ƙetare kogin Nilu, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda za su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba kibiya, ba famfo, ba gadon haya. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙodago, a tara na gaba. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa sun yi shekaru suna cirar kaɗa a can. Wani ya bar gida yana saurayi, ya dawo da furfura da 'ya'ya, wani ko labarinsa ba a sake ji ba. Har a yi rabon gado kafin mutum ya dawo. Su ne ake kira Takari, a Sudan kuma Fallata. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba gabas da jama'a, kuma garin Mai Wurno na nan har yau a gefen Nilu, kusa da Sannar, ana jin Hausa da Fillanci a kasuwarsa. Ni dai ba na haɗa tafiyar nan da wadda ake yanka mata tikitin komawa gida tun kafin a tashi.

Hukuncin Musulmi ya bi hanyar Kamino don motsa jiki, wannan ka kai wa malamanka, ba fagena ba ne. Abin da zan ce shi ne ƙafa sai an hore ta, kuma na san yadda hanyoyin daji suka zama masu haɗari tsakanin Mafara da Maradun, don haka kar ka ce za ka gwada dogon zango a can. Zagaya filin ƙwallo ya ishe ka.

Garin da zan aike ka kuwa Kurɗuba ne, a kudancin ƙasar, yankin Andalus. Sunan ba baƙo ba ne a kunnenka: duk wanda ya zauna gaban mai tafsiri ya ji an ce Imamu Ƙurɗubi, kuma Ibn Rushdi ma a can aka haife shi. Sarkin garin, Abdurrahman na Ɗaya, shi ya fara gina babban masallacinsa wajen 785. Kana shiga harabar, itatuwan lemo za su tarbe ka. Ciki kuwa duhu-duhu ne da sanyi, ginshiƙai fiye da 800 a jere, kowane biyu da baka hawa biyu mai ratsin ja da fari, mihrabin yana ƙyalli da ruwan zinari. Tun 1236 aka mai da shi coci, kuma ba a yarda a yi salla a ciki ba, kar ka je ka ja wa kanka magana da masu gadi.

Akwai tsohuwar alaƙa tsakanin biranen biyu. A 997 Almansur, wazirin Kurɗuba, ya ci Santiyago da yaƙi, ya bar kabarin bai taɓa ba, amma ya sa aka kwaso ƙararrawar cocin zuwa Kurɗuba. Da Kiristoci suka karɓi Kurɗuba aka mayar da ita Santiyago. Yau akwai reshen Kamino da ya ratsa Kurɗuba ya nufi arewa ta Merida, amma ya fi hanyar da ta faro daga Faransa kaɗaici da ƙarancin masauki. Ka guje shi a watan Yuli da Agusta, lokacin da zafi kan wuce digiri 40. Ɗan Mafara ya san wannan zafin a watan Afrilu, ya kuma san ba a gudu a cikinsa.