Keken Tsoho: A Auna Kafin A Saya

Ƴan uwa masu karatu, darasinmu na yau ya shafi iyayenmu da ƙafa ta gaza. A garuruwan Gidan Sori muna da tsofaffi da dama waɗanda ba su iya fita ko ƙofar gida. Wani hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Wata ta karye a kwankwaso. Wani kuma ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Tsohon da ya daɗe kwance a ɗaka, jikinsa yana ƙara mutuwa, ransa yana ɓaci. Keken guragu yana mayar da shi cikin mutane: masallaci, suna, gaisuwa da hira a inuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 100 yana bukatar keke. A shekarar 2008 ta fitar da jagora kan yadda za a ba da shi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Babban abin da ta koyar shi ne: keke kamar takalmi yake. Sai wanda ya dace da jikin mutum da wurin da yake zaune. Wanda bai dace ba yana iya cutarwa.

1. Wane irin keke?

Akwai mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda masu walda ke ƙerawa. Yana da kyau ga saurayin da shan inna ta taɓa, mai ƙarfin damtse. Bai dace da tsoho ba, balle wanda hannunsa ɗaya ya mutu.

Akwai na asibiti mai naɗewa, wanda ake samu a kasuwa. An yi shi domin daɓen siminti. Ƙananan tayoyinsa na gaba suna nutsewa cikin rairayi. Mazauninsa na leda ne, yana lotsawa idan ya tsufa, sai tsoho ya karkace.

Ƙasarmu jigawa ce, ga rairayi ga ƙaya. Mu nemi keke mai faffaɗan taya, mai mazauni da ba ya lotsawa, mai majingina mai ƙarfi. Ya zama yana da birki biyu masu kamawa, da madafin turawa a baya. In tayarsa irin ta keken hawa ce, ya fi, domin mai faci na kasuwarmu zai iya gyara ta.

2. Awo uku

Mu aro abin awo wurin tela. Mu zaunar da tsoho a kan benci, bayansa a miƙe, tafin ƙafarsa a ƙasa.

Awo na farko: faɗin kwankwaso. Mu kafa littafi ɗaya a dama, ɗaya a hagu, mu auna tsakaninsu. Wannan shi ne faɗin mazauni. In ya yi faɗi da yawa, tsoho zai kwanta gefe guda. In ya matse, zai goge masa fata.

Awo na biyu: daga bayan mazaunai zuwa bayan gwiwa. Mu rage faɗin yatsa biyu ko uku. Bakin mazauni kada ya danne bayan gwiwa, domin nan jini ke bi.

Awo na uku: daga bayan gwiwa zuwa diddige. Shi ke nuna inda matakin ƙafa zai tsaya. Matakin ya ɗaga daga ƙasa da aƙalla santimeta 5, don kada ya yi karo da dutse ko saiwa.

Ga amfanin karatunmu nan. Mu rubuta lambobin uku a takarda. Sau da yawa ɗa yana ci-rani a Kano ko Legas, ya sayo keke don ya faranta wa mahaifinsa, ya zo bai dace ba. Mu aika masa da awon ta waya tun kafin ya biya kuɗi.

3. Matashin zama

Keke ba matashi rabin keke ne. Idan mutum ya daɗe a zaune, ƙashin mazaunai yana danne fata, jini ya daina isa wurin. Daga nan gyambo ya buɗe. Irin wannan gyambo yana da wuyar warkewa, yana kuma iya kisa.

Matashi mai kyau yana da soso mai tauri a ƙasa da mai taushi a sama. A sa masa riga mai wankuwa. In fitsari yana kubce wa tsoho, a rufe soson da leda, a ɗora zane mai laushi, a canza shi da zarar ya jiƙe.

Ko da matashi, kada tsoho ya wuce rabin awa bai motsa ba. Ya sunkuya gaba, ko ya karkata dama da hagu. In ba ya iyawa, mu taimaka masa. Kowace safiya da dare a duba fatarsa, namiji ya duba namiji, mace ta duba mace. In an ga wuri ya ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri, bai koma daidai ba bayan minti 30, a daina zama a kansa, a tafi likita.

4. Gyaran gida da turawa

Mu auna faɗin ƙofar ɗaki da ta zaure da ta makewayi. In dokin ƙofa ya yi tsawo, mu yi masa gangare da laka. Tudun santimeta 10 yana son gangare mai tsawon santimeta 120.

Kafin tsoho ya hau ko ya sauka, mu kama birki biyu, mu ɗaga matakin ƙafa. Cikin rairayi mai zurfi, mu ɗaga gaban keken kaɗan, mu ja shi da baya. Kada mu tura tsoho ba mu gaya masa inda za mu ba. Babba ne, a nemi yardarsa.

5. Ina za mu nema?

Mu fara da gidan likita mafi kusa. Za a auna jinin tsoho, a ba mu shawara. In da bukata, a tura mu asibitin Gidan Rumji ko na Maraɗi. Mu tambayi ofishin magajin gari da ƙungiyar naƙasassu ko akwai taimako. Wannan ba bara ba ne. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma kafa doka a kansu a 2019.

Yawancinmu da kuɗinmu za mu saya. Lokacin kaka, in an sayar da wake da gujiya, ƴaƴa su haɗa hannu. In na hannu za mu saya, mu duba tsatsa, birki da mazauni. Tsoho ya zauna ciki ya gwada kafin a yi ciniki. Bayan saye, a ajiye keken a inuwa, a riƙa share shi, a sa masa mai.

Tambayoyin aji

1. Me ya sa keken ƙafa uku bai dace da tsoho ba?
2. Waɗanne awo uku za mu rubuta?
3. Wace alama ce ke nuna gyambo ya kusa buɗewa?

Aikin gida: kowa ya auna ɗan ajinsu, ya rubuta lambobin a littafinsa, ya kawo wa malami.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su.