Darasin Uwargida: Zaɓen Mai Gadin Kwamfutar Gida

Darasinmu na wannan fitowa a kan kwamfutar gida ne. A gidaje da dama a nan Illela laftof guda ce kowa ke taɓawa. Maigida na ajiye lissafin albasa ko na dabbobi, ɗalibi na rubuta aikin makaranta, yara na kallon fim, ke kuma kin zuba hotunan biki da na suna waɗanda ba ki son idon bare ya gani. Duk wannan yana iya salwanta a yini ɗaya idan ƙwayar cutar kwamfuta, wato bairos, ta shiga.

Mene ne bairos?

Ba ƙura ba ce, ba kuma zafin rana ba. Manhaja ce da wani mugu ya rubuta don ta lalata, ko ta saci lambar sirri, ko ta kulle miki kaya a ce sai kin biya. A wajenmu babbar ƙofarta ita ce filas da memori. An kai su wajen masu tura fina-finai ko shagon buga takardu, sun shiga kwamfutar da mutum ɗari suka soka wa nasu, sannan aka dawo da su gida. Wata alama da aka saba gani: ki buɗe filas ki tarar kayanki sun ɓace, sai wasu masu kama da su da 'yar kibiya a gindinsu. Kada ki danna su, kada kuma ki yi saurin goge filas ɗin, domin yawanci ɓoye kayan aka yi, mai gyara zai iya fito da su.

Darasi daga 2017

A watan Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Abin lura shi ne, tun watan Maris na shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe kafar da ya bi. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka kwana ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, 'yar'uwa, riƙe wannan: mai gadin kirki shi ne wanda ake sabuntawa, ba mai babban suna ba.

Abubuwa biyar kafin ki zaɓa

Na ɗaya, duba wanda ke gida tukuna. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai gadin, Microsoft Defender, kyauta. Cibiyoyin da ke gwada irin waɗannan manhajoji, kamar AV-TEST ta Jamus, sun sha ba shi maki mai kyau. Ga aikin gida ya wadatar, muddin a kunne yake.

Na biyu, guji na sata. Laftof ta hannu takan zo da anti-bairos da wani ya fasa ya sa ba lasisi, ko wanda wa'adinsa ya ƙare tuntuni. Hotonsa na nan a allo, amma barci yake. Wani ma da bairos ɗin a cikinsa yake zuwa. Ki sa a cire shi gaba ɗaya, Defender zai karɓi aikin da kansa. Idan maigida ya fi son na kuɗi, irin su ESET ko Bitdefender, a saya daga shafin kamfanin, a kuma rubuta ranar da lasisin zai ƙare.

Na uku, guda ɗaya ya isa. Anti-bairos biyu a kwamfuta ɗaya kishiyoyi ne da ba sa jituwa, kowa na zargin ɗan'uwansa, kwamfutar kuma ta yi nauyi.

Na huɗu, ba kowace kyauta ba ce ta Allah da Annabi. A 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dala miliyan 16.5 kan zargin sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta. Duk lokacin da ake sa manhajar kyauta, a karanta abin da ake cewa "na yarda" da shi, a cire alamar ƙarin kayan da ba a nema ba.

Na biyar, harshe. Mu da ke maƙwabtaka da Ƙonni, wani lokaci kwamfutar da ta zo ta can da Faransanci take magana. Gargaɗin da ba ki iya karantawa ba shi da amfani. Ki sa a mayar da ita harshen da wani a gidan ke ji.

Ki kuma tambayi wane Windows ke kanta. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, kulawar yau da kullum ta Windows 10 kuma ta ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Tsohon gini ne da mai shi ya daina yaɓe, don haka kada a riƙa shiga banki da irinta.

Aikin gida

Na san kuɗin data na da ciwo, amma ko sau ɗaya a mako ki haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarki ta sabunta kanta. Duk filas ɗin da ya fita ya dawo, a sa mai gadi ya bincike shi kafin a buɗe. Yara kada su sauke wasanni sai da saninki. Hotunanki da lissafin maigida a kwafe su a wani filas daban, a kulle a akwati, kada ya taɓa zuwa shago. Kuma kafin a kai kwamfuta gyara, ki kwashe hotunan da ba na idon kowa ba ne, domin mutuncinki ne da na matan da suka amince kika ɗauke su.

Allah ya tsare mana gidajenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.