Rubutun Gargaɗi a Jikin Kula: Me Yake Nufi?

Karanta Ezekiyel 33:1-6.

'Yan'uwa, cikin kayan da suke shigowa kasuwanninmu daga ƙetare, musamman na gwanjo, akan sami kula, ko tiyon ban ruwa, ko wayar lantarki, da ɗan rubutu na Turanci a jiki. Wani lokaci akwai alama mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa, da lamba P65. Ma'anar rubutun ita ce, kayan nan na iya haɗa mutum da sinadarin da jihar Kalifoniya ta san yana kawo ciwon daji, ko lahani ga jariri a ciki. Wani in aka fassara masa sai ya jefar da kularsa mai kyau. Wani kuwa sai ya ɓare takardar ya ci gaba da harkarsa. Kafin mu yi ɗaya daga cikin biyun, bari mu san mafarin abin.

Daga ina rubutun ya fito?

Kalifoniya jiha ce a yammacin Amurka. A watan Nuwamba na 1986 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a suka amince da wata doka mai lamba 65, domin kare ruwan sha da kuma sanar da jama'a gubar da take cikin kayan da suke saya. A 1987 jihar ta fitar da jerin sinadarai na farko. Yanzu sun kai wajen 900. Akwai dalma a ciki, da hayaƙin taba, da barasa, da ƙurar katako, da wasu sinadaran da ake sa wa roba don ta yi laushi.

Dokar ba ta hana sayar da kayan ba. Abin da ta ce shi ne, kamfani mai ma'aikata 10 ko fiye ya faɗa wa mai saye. Ma'aunin kuwa mai tsanani ne ƙwarai. Idan mutum 100,000 suka yi shekara 70 suna haɗuwa da sinadarin, aka kuma ƙiyasta zai ƙara wa fiye da mutum ɗaya ciwon daji a cikinsu, dole a sa gargaɗi. Wanda ya ƙi, ana iya cinsa tarar da ta kai dala 2,500 kowace rana, kuma ko mutum ba ma'aikacin gwamnati ba ne yana iya kai ƙara.

A nan ne matsalar take. Gwajin kaya yana da tsada, shari'a ta fi shi tsada, manna takarda kuwa kusan kyauta ne. Saboda haka kamfanoni da yawa sukan manna ta a kan kome, ko sun auna ko ba su auna ba. Kuma da yake ba su san inda kowace kula za ta ƙare ba, sai su sa wa dukansu. Haka rubutun da aka yi don mutumin Kalifoniya yake isowa ɗakin girkinmu.

Abin ya kai har a 2018 wani alƙali a birnin Los Anjeles ya ce masu sayar da kofi su sa gargaɗin ciwon daji, saboda wani sinadari da yake fitowa in ana gasa 'ya'yan kofi. A 2019 hukumar jihar ta duba binciken masana ta ce shan kofi ba ya bukatar wannan gargaɗi.

Mai tsaro da ƙahonsa

A wurin da muka karanta, aikin mai tsaro shi ne ya busa ƙaho in ya hango takobi. In ya busa mutum ya yi kunnen uwar shegu, alhakin yana kan mutumin. In bai busa ba, Ubangiji zai nemi jinin a hannunsa. Masu wannan doka sun yi daidai da suka ce mai sayarwa ba shi da ikon yin shiru. Ta kuma yi amfani, gama kamfanoni da dama sun cire dalma daga kayansu don gudun rubutun. Amma mai tsaron da yake busa ƙaho ko akuya ce ta gifta, ran da mahara suka zo ba wanda zai tashi daga barci. Rubutun ba ya gaya mana yawan sinadarin, ba ya kuma gaya mana ko yana taɓa abinci ko a kan marfi da hannun kular kawai yake.

Mu kuma lura, kular da ba ta da rubutu ba ta fi mai rubutu tsarki ba. Sau da yawa ba a yi ta don kasuwar Kalifoniya ba ne kawai.

To, yaya za mu yi da kularmu? Zafi da mai su ne suke jawo sinadari daga roba zuwa abinci. Kular da aka yi don ƙanƙara da ruwan sanyi, a bar ta a aikinta. In za a kai shinkafa ko miya mai zafi wurin biki ko taron zumuntar mata, a yi amfani da wadda cikinta ƙarfe ne, ko a sa abincin a tukunya sa'an nan a sa tukunyar cikin kula. Wadda cikinta ya tsage ko yake ɓarewa, a daina sa abinci a ciki. Alale kuma ya fi kyau a ganye fiye da leda. Iyayenmu haka suka yi, ɗanɗanonsa ma ya fi.

Abin da ba shi da takarda

Akwai wata guba da take cikin jerin Kalifoniya, amma mu a rumbu muke da ita, ba mai manna mata rubutu. Sunanta afilatoksin. Fumfuna ce take haifar da ita a jikin gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, ko laima ta shige su. Tana kawo ciwon daji na hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A 2004 mutum 125 suka mutu a ƙasar Kenya bayan sun ci masara mai wannan guba. Haɗarin yana ninkawa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, shi ya sa allurar da ake yi wa jariri ranar haihuwa ba abin wasa ba ce. Nijeriya ta sa ta cikin rigakafin yara tun 2004.

Mu shanya amfanin gona a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba. Mu tsince gyaɗar da ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko take da ɗaci. Kada mu mai da ita ƙuli-ƙuli mu sayar wa 'ya'yan maƙwabta, kada kuma mu zuba wa kaji da shanun tatsa. Haka nan jarkar maganin feshi, kome wankinta ba ta ruwan sha ko manja ba ce. Leda kuma ba abin hura wuta ba ce.

Tambayoyi don tattaunawa

A Ezekiyel 33:2, su wa suka zaɓi mai tsaron? Wa yake wannan aiki a ƙauyenmu game da abinci da ruwa?

Mace tana da buhun gyaɗa rabi ya yi fumfuna, kuɗin makarantar yaranta kuwa a kansa yake. Me ikkilisiya za ta iya yi mata don kada ta kai shi kasuwa?

A gidaje nawa cikinmu ake ajiye ruwa a jarkar da ba mu san abin da ta fara ɗauka ba?