Maigidana Ya Dawo Daga Daji, Amma Barci Ya Gagare Shi

Tambaya: Likita, 'yan bindiga sun tare maigidana a hanyarsa ta dawowa daga cin kasuwa, ya yi kwana 50 da ɗoriya a hannunsu. Sai da muka sayar da gona da shanun huɗa, dangi suka yi karo-karo, sannan aka sako shi. Yau wata 3 ke nan. Ba ya runtsawa sai goshin asuba, da ya ji ƙarar babur sai ya zabura, yara na yin 'yar hayaniya zai hau su da faɗa, alhali ba halinsa ba ne. Ya daina fita majalisa. Yayansa ya ce rashin tawakkali ne, surukata kuma ta ce iska ya kwaso a daji. Ni dai na rasa inda zan sa kaina. Daga wata uwargida a jihar Katsina.

Amsa: Malama, barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da alherin abin da kuka rasa.

Bari in fara cire miki ƙaya ɗaya. Abin da kika zayyana sanannen abu ne a wurinmu, yana da suna, yana kuma da magani. Jikin ɗan Adam yana da wata ƙararrawa da ke tashi idan rai ya shiga haɗari: zuciya ta hau bugawa, numfashi ya yi sama, kunne ya buɗe, sinadarin adirenalin ya cika jini don mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. A al'ada da haɗarin ya wuce sai ta lafa. To mijinki ya yi kwana 50 tana kaɗawa ba dare ba rana, yana kwanciya bai san ko zai wayi gari ba, yana jin tsayuwar babur ya san ko an kawo sabon kamu ne ko kuma an zo fitar da wani. Jikinsa ya haddace wannan karatu, kuma wannan haddar ce ta taimaka ya rayu a can. Yanzu ya dawo gida, jikin bai samu labari ba tukuna. Hausawa sun riga mu gano haka da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A makonnin farko kusan duk wanda aka sako yakan yi irin wannan, da yawa kuma sukan warware da kansu idan suka samu natsuwa da mutanen kirki a gefe. Idan aka haura wata guda ana mugayen mafarkai, ana zabura, ana gudun mutane da duk abin da zai tuno dajin, sai mu ce ya zama ciwon firgicin bayan bala'i. A katin asibiti za ki ga an rubuta PTSD. Wata 3 ya isa a kai shi a duba shi. Kada kuma ki ɗauka shi kaɗai ne: a ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, kusan mutum 1 cikin 5 na mazauna yankunan da ake rikici yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, daga baƙin ciki mai tsanani zuwa irin wannan firgici.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da ranar sako mutum ƙarshen labari. An sako ɗaliban Ƙanƙara 344 a Disambar 2020, an sako 'yan matan Jangebe 279 a Maris na 2021, an karɓo fasinjoji 23 na ƙarshe na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Oktobar 2022 bayan sun haura wata 6 a daji, an dawo da yaran Kuriga 137 a Maris na 2024. Duk mun ga hotunan: sabbin kaya, gidan gwamnati, jawabai. Daga nan sai kowa ya watse, a bar iyaye da matan aure da abin da zai biyo baya da tsakar dare. Waɗannan ma su ne masu gata, tunda duniya ta ji labarinsu. Irin mijinki da ake ɗauka ɗaya-ɗaya a hanyar kasuwa ko a bakin gona, ba mai ko ƙirga su.

Yanzu ga abin yi. Babban abin da masu garkuwa suka ƙwace wa mijinki, bayan kuɗi, shi ne ikon kansa. Sai an ce ya ci zai ci, sai an ce ya tashi zai tashi, ko bawali sai ya nemi izini wurin yaron da bai kai ɗan cikinsa ba. Don haka duk abin da za ki yi, auna shi da wannan ma'auni: yana mayar masa da ikon kansa, ko yana ƙara ƙwace shi? Tambaye shi abin da yake son ci. In yana son a bar fitila a kunne, a bar ta. In yana son ya duba sakata sau 3 kafin ya kwanta, kada a yi masa dariya. Kada a tashe shi da girgiza ko a faɗo masa ɗaki ba sallama. A kira sunansa daga bakin ƙofa. Ci gaba da kawo masa shawarar gida kamar da, kuɗin makarantar yara, abin da za a shuka bana, ko da kin san amsar. Mutumin da aka mayar kamar ƙwai a cokali, ana ta ɓoye masa komai, yakan ji har yanzu a tsare yake.

Sai maganar 'yan jaje, kuma a nan zan ɗan daɗe, don al'adarmu ce mai kyau da ke yin ɓarna ba da niyya ba. Mutum ya dawo, gida ya cika maƙil, kowa ya zauna sai ya ce, to yaya aka yi? Sun dake ka? Me kuke ci? Wa aka kashe a gabanka? Ya ba wannan labari, ya ba wancan, kafin magariba ya koma dajin sau 20. Wasu ma har da ɗaga waya ana ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta yi gargaɗi kan zaunar da wanda masifa ta samu a ce lallai sai ya amayar da komai a zama ɗaya, don an gwada an ga ba ya hana ciwon. Gara a samu dattijo ɗaya ya zauna a zaure yana karɓar barka a madadinsa. Ke kuma abin da za ki ce masa bai wuce wannan ba: “Malam, duk ranar da ka ji kana son magana ina nan, in ba ka so ma ba komai.” In ya fara, ki saurara kawai. Kada ki katse shi da “ai ya wuce” ko “ka manta kawai”. Da mantuwar a hannunsa take, da tuni ya yi.

Haka nan lissafin bashi. Ya san an sayar da gonar, ya san wane ya ba da dubu kaza. Wannan nauyin kaɗai yakan hana magidanci haɗa ido da mutane, ina kuma kyautata zaton yana cikin abin da ya raba shi da majalisa. A daina jero sunayen masu gudummawa a gabansa. A samu wani amintacce cikin dangi ya rubuta abin da yake bashi da abin da yake kyauta, a nemi masu bashin su ɗaga ƙafa zuwa kaka, sannan a zauna da shi a tsara biya daidai ƙarfinsa. Kada kuma a riƙa yaɗa adadin kuɗin fansar a gari ko a Facebook. Kunnen daji yana cikin gari, gidan da aka ji ya iya tara kuɗi ana iya sake waiwayarsa.

Ba ki ce mini ko an duba lafiyar jikinsa ba. In ba a yi ba, a yi: zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ƙarancin jini, raunin sarƙa ko duka da bai warke ba. Zan ƙara wata magana saboda sauran masu karatu, don ita ce aka fi rufewa. Mata da yawa ana yi musu fyaɗe a daji, wani lokaci har da maza. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana 5. Ko lokacin ya wuce a je, akwai gwaji da sauran magunguna. Cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, cibiyar Waraka a asibitin Murtala na Kano, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato, duk don wannan aka buɗe su, kuma suna riƙe sirri. Wasu daga cikin 'yan matan Birnin Yawuri da aka sace a 2021 ba su dawo ba sai a 2023, wasu da goyo a baya. Yarinya irin wannan in ta dawo ta tarar ana zunɗenta a bakin rijiya, ko mace ta tarar da takardar saki tana jiran ta, to mu muka ƙarasa aikin da 'yan bindiga suka fara. Malamai sun yi ittifaƙi cewa wadda aka tilasta ba ta da laifi.

Ki sa ido kan kemis. Mai rashin barci yakan fara da ƙwaya ɗaya ta diyazefam, wadda matasa ke kira D5, ko tiramadol don ya ji ƙarfin fita. Daren farko zai yi barci, bayan 'yan makonni kuma ya zama ba ya iyawa sai da ita, firgicin yana nan daram, an ƙara masa da jaraba. Maimakon haka a rage shayi mai kauri da goro daga la'asar, a daina kallon bidiyon 'yan bindiga a waya, a tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. In ya zabura cikin dare, kunna fitila, ki faɗa masa a hankali inda yake, ki ba shi ruwa, ku ja numfashi tare, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Yana da sauƙi har ya yi kama da wasa, amma yana saukar da bugun zuciya.

Game da yayansa da surukarki, kada ki ja da su, don za ki buƙace su. Ba wanda ke cewa mai karaya ya rasa tawakkali don ya je wurin maɗori. Addu'a, azkar da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, a ci gaba da su, ni ma ina ƙarfafa hakan. Inda zan taka burki shi ne duk wani magani da ya haɗa da duka, ɗauri, tsawa, ko turnuƙe shi da hayaƙi a ɗaki rufe. Mutumin da ya fito daga sarƙa ba a yi masa magani da abin da ya yi kama da ita. Ki nemi yayan ya raka shi asibiti da kansa. Sau da yawa in babban wa ya ji bayani daga bakin likita, shi ke komawa mai tuna ranar zuwa.

Ku fara da babban asibitin da ya fi kusa, ku nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. In babu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Kware kusa da Sakkwato, na Dawanau a Kano, da sashen da ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Na san sunayen nan suna tsorata mutane, ana ganin sai wanda ya yi tsirara a kasuwa ake kai wa. Yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su koma gida a ranar. Jigon maganin zama ne da ƙwararre, galibi sau 8 zuwa 12, inda ake bi da mutum sannu a hankali har tunanin dajin ya daina fizgar sa. Wani lokaci a haɗa da ƙwayar da ke ɗaukar makonni kafin a ga aikinta, ba a kuma yanke ta rana ɗaya. Amma in kika ji yana cewa gara ma da sun kashe shi, ko ya fara rabon kayansa, ko ya daina ci gaba ɗaya, ko ya ɗaga hannu a kanki ko kan yara, to ba a jira. A kawar da maganin feshi, igiya da duk wani makami daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

Akwai kuma wani miki da ke kama gari gaba ɗaya bayan irin wannan, wato zargin infoma. Kowa ya fara kallon maƙwabcinsa, wa ya san ranar da zai dawo daga kasuwa, wa ya yi sabon babur. Infoma suna nan, ba na musu. Sai dai mai firgici yakan ga maƙiyi a kowace fuska, suna ɗaya da zai furta cikin zafin rai yana iya sa a kashe marar laifi kafin la'asar, gaba ta ɗore har jikoki. In yana da wani zargi, a kai shi a asirce wurin mai unguwa ko dagaci da jami'an tsaro.

Ke ma fa an yi garkuwa da ke, Malama, ta waya. Ke kika riƙa jin muryarsa ana dukansa, ke kika riƙa lallashin yara. Samu 'yar'uwa ɗaya da za ki riƙa sauke mata abin da ke ranki, in kun je asibitin kuma ki faɗa wa likita yadda naki barcin yake. Yaran a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: Baba ba shi da lafiya saboda wahalar da ya sha, ba ku kuka yi laifi ba, ana kuma yi masa magani. In ƙaramin ya koma fitsarin kwance ko ya maƙale miki, kada a dake shi, yakan wuce.

Majalisa kuwa kada a tura shi. A samu abokinsa ɗaya, wanda ba shi da yawan tambaya, ya riƙa biyo masa sallar la'asar su tafi tare su dawo tare. Bayan sati biyu su ɗan tsaya a bakin majalisar minti 5, a gaisa, su wuce. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji yadda barcin ya koma.