Bakin Tsuntsu

Tsuntsu ba shi da haƙori. Ba shi da hannu kuma. Da baki ya ke cin abinci, da shi ya ke ginin sheƙa, da shi ya ke gyaran gashinsa. Abin da ya lulluɓe bakin nan irin abin da ya yi farcenmu ne da ƙahon saniya. Kullum yana tsiro, kullum aiki yana cinye shi.

Turawan Ingila suna da suna biyu na bakin tsuntsu. Ɗaya sun fi kiran baki mai lanƙwasa da shi, irin na shaho. Ɗayan kuwa sun fi kiran baki mai faɗi ko mai tsawo da shi, irin na agwagwa da zalɓe. Amma masana tsuntsaye sun ce duk abu ɗaya ne. Mu dai baki kurum mu ke cewa. Abin da zai amfane mu shi ne mu san siffar bakin, gama ita ke gaya mana abin da tsuntsu ya ke ci.

Mu dubi jan-baki. Bakinsa gajere ne, mai kauri, mai ƙarfin fasa ƙwaya. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. In suka ƙare sai ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa. Manoman fadamar Haɗeja da na bakin Tafkin Cadi sun san shi sarai. Ya kan taso dubu bisa dubu, kamar hadari. In ya sauka gonar da ba mai tsaro, sai a tarad da zangarniya ba ƙwaya. Wannan shi ya cancanci majajjawa da kaɗa gwangwani.

To, amma yaranmu ba su kan bambanta ba. Duk abin da ke da fiffike jifa su ke yi.

Belbela bakinta dogo ne mai tsini. Tana bin shanu tana cafke farar da ƙafafunsu su ka tayar. Shamuwa ma haka. Tana zuwa da farkon damina, ta yini tana tsinar fara da tsutsa a gona, ba ta taɓa hatsi. Tsattsewa kuwa bakinta gajere ne, amma ba kauri, sai faɗi. Da shi ta ke kama ƙwari tana cikin tashi. Kada mu haɗa ta da jan-baki.

Baki mai lanƙwasa na yagar nama ne. A nan sai mun lura. Shirwa tana da shi, ita ke sure mana 'yan tsaki. Mujiya ma tana da shi. Mutane suna ƙinta don kukanta na dare, alhali ɓerayen da ke ɓarna a rumbunanmu su ta ke farauta. Wanda ya kashe mujiya ya yi wa ɓera aiki ne.

Ungulu ita ke kwashe mushe da ƙazantar mahauta tun ba su jawo mana cuta ba. Dā ba kasuwar da ba a ganinta. Guba da farauta sun rage ta ƙwarai. A shekarar 2015 masana su ka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Tambayoyi

1. Wane irin baki ne da tsuntsu mai cin hatsi?
2. Me shamuwa ta ke ci?
3. Wane amfani mujiya ta ke yi wa mai rumbu?
4. Rubuta sunan tsuntsu uku da ka gani yau, ka faɗi siffar bakin kowane.