Darasi na Tara: Umurnin Kotu na Kare Mutum a Gidansa

'Yan aji, karatunmu na yau a kan shari'a ne. Ku kasa kunne, gama abin ya shafi gidajenmu.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Harshe da haƙori ma su kan saɓa. Amma saɓani dabam, cuta dabam. Duka cuta ce. Zare wa mutum wuƙa cuta ce. Korar mace da 'ya'yanta da tsakar dare cuta ce.

A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Hana Cin Zarafin Mutane. A Abuja ta ke aiki. Daga baya jihohi da yawa suka yi tasu irinta, kamar Kaduna a 1918 da ɗari, wato 2018. Saboda haka kowa ya tambayi magatakardan kotu yadda dokar jiharsa ta ce. A cikin dokar nan akwai umurnin kariya. Takarda ce da alƙali ke bayarwa don a tsare cuta tun ba ta auku ba.

A ce akwai wata mace, mu kira ta Ladi. Mijinta ya kan doke ta. Ran nan ya rantse zai karya ta. Iyaye sun yi magana, mai unguwa ya yi, bai ji ba. Me kotu za ta yi mata?

Na fari, umurnin wucin gadi. Ladi ta kai kuka, ta yi rantsuwa a rubuce. In alƙali ya ga alamar haɗari, sai ya ba da umurni nan da nan, ko mijin ba ya wurin. A kai wa mijin takarda, a gaya masa ranar da zai zo. Wannan kamar ɗaure rauni ne kafin a isa asibiti.

Na biyu, cikakken umurni. Ranar shari'a alƙali zai ji bakin Ladi, ya ji bakin mijin, ya ji shaidu. In ya gamsu, sai ya tabbatar da umurnin. In an kai wa mijin takarda ya ƙi zuwa, kotu na iya yanke magana ba shi. In hali ya sake daga baya, kowannensu na iya roƙon kotu ta gyara umurnin ko ta janye shi.

To, me a ke rubutawa a ciki? Gwargwadon ciwo, gwargwadon magani. Alƙali na iya hana mijin taɓa Ladi, ko aiko wani ya taɓa ta. Yana iya hana shi zuwa inda ta ke zaune, ko inda ta ke aiki. Yana iya hana shi korarta daga gidan da su ke tare. Yana iya sa ɗan sanda ya raka ta ta kwashe kayanta, ko ya karɓe makamin da ke hannun mijin. In yara na cikin haɗari, yana iya ƙayyade yadda uban zai gan su.

Na uku ya girmi dokar 2015, shi ne lamunin zaman lafiya. Majistare ya sa mai neman fitina ya ɗauki alkawari a rubuce, wani lokaci da mai tsaya masa. In ya karya alkawari, kuɗin lamunin ya tafi.

Alƙalan Musulunci ma suna da hanyarsu tun da. In mace ta yi ta kukan cuta ba shaida, malaman Malikiyya sun ce a zaunar da su cikin mutanen kirki masu lura. In abin ya ƙi, a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginta, ɗaya daga danginsa.

Ku riƙe abu huɗu. Umurnin kariya ba saki ba ne, igiyar aure tana nan. Ba na mata kaɗai ba ne, namiji ko tsoho da a ke cuta shi ma yana iya nema. Wadda ba ta iya zuwa da kanta, ɗan sanda ko ma'aikacin asibiti ko malamin makaranta na iya nema mata da yardarta a rubuce. Yaro kuwa ba sai an jira yardarsa ba. Wanda ya karya umurnin a kan kama shi, a ci shi tara ko a ɗaure shi. Mai rantsuwar ƙarya ma doka ba ta ƙyale shi ba.

Ga amfanin karatu. Ladi za ta karanta takardarta da kanta, ba mai ce mata abin da ba shi ke ciki ba. Ta adana ta inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin saɓani da cuta?
2. Yaushe alƙali ke ba da umurnin wucin gadi?
3. Faɗi abu uku da umurnin kariya ke hanawa.
4. Umurnin kariya yana kashe aure?

Rubuta a littafinka: Rigakafi ya fi magani.