DARASI NA 14: HAZO DA HADARI DA MATUƘIN JIRGIN SAMA

Jama'a, kowa ya san filin jirgin sama da ke Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Nan ne alhazanmu ke tashi zuwa Makka. Wani lokaci mutum ya yi sallama da iyalinsa, ya isa filin da kayansa, sai a ce masa yau jirgi ba ya tashi saboda hazo. Sai ka ji ana gunaguni, ana cewa matuƙi ya faye tsoro. To, bari mu ga ko tsoro ne ko sani.

Abu uku ne ke damun matuƙi a ƙasarmu: hazo, da zafi, da hadari.

Hazo ƙura ce da iskar hunturu ke kwasowa daga hamada, yawancinta daga ƙasar Cadi. Yakan sauko mana daga Nuwamba har wajen Maris. Ran da ya yi kauri, mai fito a gulbin Rima ba ya hangen ɗaya gaɓar. Shi mai fito yana iya kafa gwangwalarsa ya tsaya. Amma jirgin sama ba ya tsayawa a sama. In matuƙi ya sauko har iyakar da doka ta yanka masa bai ga fili ba, tilas ya sake hawa, ya nufi wani gari, kamar Sakkwato ko Kano. Don haka kullum yana ɗauke da man da ya fi na tafiyarsa.

Zafi kuwa, da bazara yakan wuce digiri 40 a nan. In iska ta yi zafi sai ta yi shara-shara, ba ta tallabar fiffike sosai. Sai jirgi ya yi gudu mai nisa a ƙasa kāna ya ɗaga. Shi ya sa wani lokaci akan rage kaya, ko a jira sanyin dare.

Hadari shi ne babba. Kun san iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa da farkon damina, wadda ke yaye jinka. Daga cikin gajimare take faɗowa. Ku tuntsurar da tulun ruwa a daɓe, za ku ga ruwan ya bugi ƙasa ya watsu ko'ina. Haka wannan iska take yi. Jirgin da ya shiga cikinta, da fari ta buge shi ta gaba ta ɗaga shi. Sa'an nan ta danne shi ta bisa. Sa'an nan ta biyo shi ta baya ta rage masa ƙarfi. Duk wannan ba ya kai minti guda.

Ran 24 ga Yuni, 1956, wani jirgi ya tashi daga Kano za shi Ingila, ya gamu da irin wannan iska, ya bugi itace. Mutum 32 suka rasu daga cikin 45. Bayan shekara 50, ran 29 ga Oktoba, 2006, wani ya tashi daga Abuja za shi Sakkwato ana hadari, ya faɗi nan kusa da fili. Mutum 96 suka rasu daga cikin 105, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Allah ya jiƙansu. Masu bincike suka ce irin iskar nan ce jirgin ya shiga.

To, ina mutum zai koyi fama da abin da ke kisa tun karon farko? Masunci a Argungu ba ya jefa ɗansa cikin zurfin Matan Fada ran da ya fara hawa gora. Bakin gaɓa yake kai shi, inda in ya zame sai ya miƙe tsaye. Matuƙa ma suna da nasu bakin gaɓa. Shi ne ɗakin kwaikwayon jirgi.

Wani mutumin Amurka, Edwin Link, ya ƙera irin wannan ɗaki a 1929. Akwati ne mai murfi, an ɗora shi bisa zugazugai irin na maƙera, suna karkata shi dama da hagu. A 1934 sojan Amurka suka sayi guda 6, bayan matuƙansu da dama sun halaka wajen kai wasiƙu cikin mugun yanayi. Na yanzu kwamfuta ce ke sarrafa shi. Cikinsa daidai yake da mazaunin matuƙi, tagoginsa kuwa majigi ne. A Zariya akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, tana da irin waɗannan ɗakuna.

Malami na zaune a baya. Ya taɓa maɓalli, sai hazo ya rufe taga. Ya taɓa wani, sai ga tsawa da walƙiya, ɗaki na girgiza. In ɗalibi ya kuskure, jirgi ya faɗi a majigi, ba wanda ya ƙwarzane. Sai malami ya ce, "A sake." Haka za a yi ta yi har hannu ya saba.

Babban abin da ake koya a nan shi ne kada mutum ya gaskata jikinsa. Ku rufe ido ku juya sau biyar, sa'an nan ku nuna gabas. Da wuya ku dace. Haka matuƙi yake cikin hazo: jikinsa na ce masa yana tafiya sosai, alhali jirgi ya karkace. Saboda haka sai ya kafa ido ga agogunan da ke gabansa. Ɗaya na nuna nisansa da ƙasa, ɗaya gudu, ɗaya karkata, ɗaya inda ya dosa. Watau karatu ne ke tsirar da shi, kamar yadda ku ma kuke karanta awon buhu da kanku, ba ku dogara ga faɗin wani ba. Ko tsohon matuƙi yakan koma ɗakin nan kamar sau biyu a shekara a jarraba shi.

Abu na biyu da ake koya shi ne sanin lokacin da za a ƙi tashi. Kafin kowace tafiya, ma'aikatan duba yanayi suna ba matuƙi takarda mai faɗin ƙarfin iska da iyakar nisan da ido ke gani. In lissafi bai kai ba, ya zauna. Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka in an ce da kai jirgi ya fasa don hazo ko hadari, kada ka matsa wa ma'aikata. Mutumin da ya hana ka tafiya yau ya riga ya ga ƙarshen irin wannan tafiya sau da yawa a ɗakin koyo.

TAMBAYOYI

1. Daga ina hazo ke zuwa, kuma a waɗanne watanni?
2. Me ya sa ake rage wa jirgi kaya da bazara?
3. Daga 1929 zuwa 1964 shekara nawa ke nan?
4. Don me matuƙi ba ya gaskata jikinsa cikin hazo?

Ku rubuta waɗannan a littafinku: hazo, hadari, fiffike, matuƙi, haƙuri.